Mun Iya Rakiya, Tarba Ce Ta Gagare Mu

Shekara biyu da suka wuce aka yi walima a layinmu a Sakkwato. Ɗan maƙwabcina ne ya dawo daga Masar da digirin likita bayan shekara bakwai. An shimfiɗa tabarmi har bakin titi, an dama fura, an yanka rago. Tun kafin yaron ya tuɓe takalmi sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai "Dakta". Wani dattijo, wan mahaifinsa, ya riƙe masa hannu ya ƙi saki, ya ce, "To ɗana, yaushe kaka fara duba mu? Ƙahwag ga ta hana mani kwana." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Kwanan nan in sha Allahu, Baba."

Kwanan nan ɗin sai da ya ci wata goma sha tara.

Abin da ya cinye watannin nan shi ne abin da ba a faɗa wa iyaye ranar da ake rakiya filin jirgi. Duk wanda ya karanta likitanci a waje ba ya taɓa majinyaci a Najeriya sai ya ci jarrabawar hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, wadda ba kullum ake yin ta ba, kuma ana faɗuwa sosai. In ya ci, lasisin wucin gadi za a ba shi, sai ya nemi asibitin da zai yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, gurabe kaɗan, masu nema jingim. Bayan nan ga bautar ƙasa idan bai haura shekara 30 ba lokacin da ya gama. Kafin hukumar bautar ƙasa, NYSC, ta karɓe shi kuwa, sai an tantance takardunsa, abin da ke nufin zirga-zirga zuwa Abuja, tafiyar wuni guda a mota, a hanyar da kowa ya san halin da take ciki. Wanda ya karanta lauya a waje shi ma sai ya fara yin zangon farko na makarantar horas da lauyoyi, wanda 'yan jami'o'in gida ba sa yi. Injiniya na da tasa hukumar, mai haɗa magunguna na da tasa.

Ban ce a soke tantancewar ba. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a ƙarshen 2023, lokacin da wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida har ya shiga bautar ƙasa da shi, ya san dalilin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da karɓar takardun Benin da Togo a Janairun 2024. Ba na son likitan mako shida ya duba ƙafar Baba. Damuwata a wani wuri take: mun san ranar da yaron zai gama tun shekara bakwai kafin ya dawo, amma babu wanda ya tanadar masa komai. Ba ajin share fagen jarrabawa, ba gurbin asibiti, ba ko ofishin da zai shiga a ce masa ga mataki na ɗaya ga na biyu. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ko ranar dawowar ba mu fafe ba.

Sakkwatawa sun fi kowa sanin tafiya da komowa, domin nan ne gidan ci-rani. Da an kawar da amfanin gona matasa kan bazu Legas, Ibadan, Fatakwal, wasu har Gana, su yi ga-ruwa, su yi gadi, su yi yankan farce. Da hadari ya fara haɗuwa sai ka ga motoci sun ciko da su. Ban taɓa jin an tara 'yan ci-rani an yi musu lacca kan kishin gida ba. Gona ce ke kiransu. Akwai fili mai sunan mutum, akwai iri, akwai kalme a rataye, akwai lokacin da in ya wuce an yi asarar shekara. Shi kuwa wanda muka tura ya karanto ilimin ƙwayoyin halitta ko injiniyan ruwa, ina gonarsa? Wa'azin kishin ƙasa kawai muke aika masa ta WhatsApp, muna tuna masa cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi.

A da ba haka abin yake ba, kuma bambancin ba na tarbiyya ba ne kamar yadda dattawa ke son cewa. Sardauna Ahmadu Bello ya je Ingila a 1948 ya karanto tsarin mulkin ƙananan hukumomi, ya dawo ya tarar da aikinsa a En'e ta Sakkwato yana jiransa. Malam Abubakar Gumi ya je Bakhtar Ruda a Sudan a tsakiyar shekarun 1950, bai yi shekara goma da dawowa ba ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. A lokacin gwamnatin Arewa na gaggawar cike kujerun Turawa da 'yan ƙasa, saboda haka sai an ga kujerar sannan a nemi wanda za a tura ya koyo yadda ake zama a kanta. Masu ilimin zamani sun yi ƙaranci ƙwarai, ma'aikatu ke zawarcin mutum. Yau an juya lissafin. Ana tura ɗalibai rukuni-rukuni, a yi bikin bankwana, a ɗauki hoto da manya, sannan in sun dawo a fara tambayar ina za a kai su. Wani lokaci gwamnatin da ta tura su ta sauka, wadda ta hau kuma ba ta ɗauke su nata ba.

Akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi a garin nan. Cikin duk masu dawowa daga waje, waɗanda suka fi saurin samun gindin zama su ne 'yan Madina da Azhar da jami'o'in addini na Sudan. Mutum zai sauka ranar Talata, kafin Juma'a ta zagayo sau biyu an ba shi darasi a masallacin unguwa. Wata shida ya buɗe islamiyya. Dalili kuwa a fili yake. Kayan aikinsa littattafai ne da ya ɗauro a kwali, sai tabarma, sai lasifika. Jama'a sun san darajar abin da ya kawo, suna da ma'aunin gane mai ilimi da mai kame-kame, kuma akwai zaure da almajirai da tsarin da ya girmi kowa. Garin da Shehu Usmanu, wanda shi kansa ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, ya bar wa gadon karatu, bai rasa mazubin irin wannan ilimi ba. Nana Asma'u ma da ta so ilimi ya kai ga matan ƙauye, ba ta tsaya ga rubutu ba, ta kafa 'yan taru, ta naɗa jajoji masu kai karatu gari-gari. Wato an yi tunanin hanyar da ilimin zai bi ya isa ga mutane.

Kwatanta wannan da wani abokina da ya yi digirin digirgir a Malesiya kan sinadarai. Shekara huɗu yana aiki da wata na'urar gwaji kullum, kamar yadda tela ke aiki da keke. Ya dawo makarantar da ta tura shi, ya tarar an sayi irin na'urar tun kafin ya dawo, tana nan a kwalinta a kusurwar wani ofis, an ɗora mata tulin fayil da butar shayi. Na gan ta da idona. Tana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da ɗaki mai sanyi, a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, da wani irin gas da sai an yi odarsa daga Legas, da ma'aikacin da ya san gyaranta. An biya kuɗin kwangilar sayo ta, ba a sa ko kwabo na tafiyar da ita a kasafi ba. Yanzu abokin nawa yana koyar da aji mai ɗalibai sun fi ɗari uku, yana zana musu hoton na'urar a allo. Ya ce mini, "Malam, hannuna ya fara mantawa." Wannan maganar ta fi kowace ƙididdiga tsaya mini a rai, domin ilimin kimiyya ba ya zama a kai kaɗai. Rabinsa yana cikin kayan aiki da abokan aiki, in aka raba mutum da su, sai ya bushe a hankali yana nan zaune a gida, ana lissafa shi cikin waɗanda suka dawo.

Sai maganar kuɗi, wadda masu wa'azin kishin ƙasa ba sa son a taɓo. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura 1,500. Mu ɗauka an ɗauki mai digirin digirgir a matsayin ƙaramin lakcara, albashinsa ya kai naira dubu 300, to dala 200 ke nan a wannan farashi, abin da ɗalibi mai aikin wucin gadi a Ingila kan samu cikin kwanaki kaɗan. Ga shi an cire tallafin fetur tun Mayun 2023. Ga yajin aiki, na 2022 kaɗai ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, an kuma riƙe albashi. Sannan mutumin da ya dawo daga Turai a idon dangi attajiri ne. Kuɗin makarantar ƙanne, maganin Inna, gudummawar biki, buhun gero na azumi, duk a kansa. Da yana can yana turo fam ɗari a wata, ana sa masa albarka. Da ya dawo ya kasa, sai a fara cewa boko ya sa shi rowa.

Shi ya sa ba na saurin zagin wanda ya ƙi dawowa, ko da yake akwai wanda ya cancanci zargi. Wanda aka biya wa karatu da dukiyar jama'a, ya sa hannu a takardar alkawarin dawowa ya yi aiki, ya kawo masu tsaya masa, sannan ya gama ya kashe waya, ya ci amana, ba wani suna da za a ba abin. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ya shaida wa majalisar wakilai a 2023 cewa malamai sama da 137 da ya ɗauki nauyinsu sun tsere, kuma daga farkon 2025 ya dakatar da tura malamai karatu waje, yana kafa hujja da tsadar canji da wannan gudun. Waɗanda suka tsere sun rufe wa na bayansu ƙofa. Amma ita ma gwamnati ta sha karya nata ɓangaren alkawarin. Ɗaliban da aka tura Maroko da Rasha da wasu ƙasashe ƙarƙashin yarjejeniyar musayar ɗalibai ta tarayya sun yi watanni ba alawus, har labarinsu ya cika jaridu. Yaron da aka bari da yunwa a ƙasar sanyi, ranar da wani kamfani ya miƙa masa takardar aiki, da wane baki za a tuna masa da alkawari?

A fannin lafiya abin ya fi muni. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce likitoci wajen dubu 16 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Shi kansa misali ne na ɗaya ɓangaren, domin an riga an zaɓe shi ya shugabanci ƙungiyar rigakafi ta duniya, Gavi, a 2023, ya ajiye ya dawo gida. Sai dai ya dawo ne ya hau kujerar minista, wato shi ma gonarsa na jiransa. Mu kuma a nan, gudun likitocinmu yana da nasa salo. 'Yan kudu Ingila da Kanada suke hari. Basakkwace in ya tashi, Saudiyya ya fi kallo: albashi da riyal, iyali na kusa da Harami, iyaye za su zo Umra su sauka a gidansa. Wace uwa ce za ta hana ɗanta wannan? Akwai kuma gudun da ba ya buƙatar fasfo, wanda ba a cika lissafa shi ba. Mutum ya dawo Najeriya, amma Abuja ya tsaya, ko ya shiga wata ƙungiyar agaji mai biya da kyau, yana zuwa Sakkwato da farar mota ya yi taron bita na kwana biyu a otal ya koma. A takarda ya dawo. Mai ciki a Tangaza ko Isa ba ta san da dawowarsa ba, ga kuma matsalar tsaro da ta sa ko 'yan asalin yankunan Sabon Birni da Gudu ke tunani sau biyu kafin su karɓi aiki a gida.

Wanda ya jure duk wannan ya shiga ofis, wata jarrabawar ke gabansa. Zai tarar da waɗanda suka zauna suka sha wahalar wurin shekara ashirin, ba su ga dalilin da yaro zai zo da Turancin hanci ya koya musu aiki ba. Ya kawo shawara a ce "nan ba Landan ba ce". Ya rubuta takarda ta kwana wata uku a tebur. Samun aikin ma kansa, in ba ka da uwa a gindin murhu, takardar Manchesta ba ta fi ta kowa ba.

To amma gaskiya ɗaya ce, su ma masu dawowar suna da nasu. Na zauna da waɗanda kowace jimla tasu da "a can" take farawa. A can ba a haka, a can minti biyar ne, a can ko yaro ya san wannan. Mutum ya yi shekara biyar yana nazarin matsalar wata ƙasa da kayan aikin wata ƙasa, ya dawo yana jin haushin cewa tamu matsalar ba ta yi kama da wadda ya karanta ba. Likitan da bai taɓa ganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko yaro mai tamowa a asibitin da ya yi karatu ba, dole ya zauna gaban tsohuwar nas ya sake zama ɗalibi. Masu yin hakan su ne suke ɗorewa. Masu ganin ƙasƙanci ne a ciki, shekara biyu sun tattara.

Abin takaicin shi ne jihar nan cike take da tambayoyin da duniya ke neman amsarsu. Asibitin yara masu cutar noma, wadda ke cinye naman fuska, yana nan cikin Sakkwato tun 1999, ɗaya daga cikin ƙalilan irinsa a duniya. Ƙungiyar likitoci ta MSF na aiki da shi tun 2014, ƙwararrun masu tiyata na tasowa daga ƙasashe daban-daban su zo nan su yi aiki, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Wanda yake son ya zama gwani a wannan fanni, nan zai zo, ba Jamus ba. Ga albasa da muke nomawa da yawa tana ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi, tana jiran wanda zai ƙera ma'ajiyar da manomin Wurno ko Kware zai iya saya. Ga jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna a Turai tun ƙarnonin baya da sunan fatar Maroko, har yau a can ake cin ribar sarrafa ta. Ga dam ɗin Goronyo da fadamar Rima, ga rana da muke kuka da ita wadda ita ce jarin masu sola. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa jihar a sahun farko na talauci mai fuskoki da yawa a rahotonta na 2022, kusan kashi 91 cikin ɗari na jama'arta. Duk wanda za a tura waje da kuɗin jiha, kamata ya yi a ɗaura masa ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi a wuya tun kafin ya hau jirgi, a ce bincikenka a kan wannan za ka yi, ga kuma inda za ka zauna in ka dawo.

Wasu ƙasashen sun yi haka. Koriya ta Kudu, tana cikin talauci a lokacin, ta kafa cibiyar binciken kimiyya ta KIST a 1966, ta bi 'ya'yanta da ke Amurka da Turai ɗaya bayan ɗaya, ta ba su gida da albashin da ya fi na sauran ma'aikata da ɗakin gwaji da 'yancin aiki. Ta fara gina wurin, sannan ta yi kira. Jiha ba ta da ƙarfin ƙasa, na sani. Amma kuɗin da ake kashewa a tura mutum ɗari, da an tura sittin, an ajiye na arba'in ɗin don ranar dawowarsu, a sa sola a ɗakin gwaji, a biya musu kuɗin jarrabawar lasisi, a ba kowane ɗan jarin fara bincike, da lissafin ya fi haka kyau. Kuma a riƙa tura su ƙungiya: mai tiyata da mai sa barci da nas da mai gyaran na'ura. Likitan zuciya shi kaɗai, komai ƙwarewarsa, takardar tura majinyaci wani asibiti kawai zai riƙa rubutawa.

Mata kuwa nasu ya ninka. Mun fi buƙatar likitoci mata fiye da kowa, domin akwai magidantan da har gobe ba sa barin namiji ya duba iyalinsu. Amma yarinya ta dawo da digiri tana da shekara ashirin da shida, maganar farko da za a yi mata ta aure ce, kuma inda mijin yake aiki can za ta. In Kaduna ne ko Jidda, shi ke nan jiha ta yi wa wasu noma.

Waɗanda suka zauna can ma ba a rasa su gaba ɗaya ba. 'Yan Najeriya mazauna waje na turo kusan dala biliyan 20 a shekara, har an kafa musu hukuma ta musamman a Abuja. Farfesan da ke Amurka ba zai ajiye aikinsa ba, amma zai iya zuwa wata ɗaya a shekara ya yi tiyata, ya duba ɗaliban digiri na biyu ta intanet, ya buɗe wa wani matashi ƙofar tallafin bincike. Da yawansu suna so. Abin da ke kashe musu gwiwa shi ne su rubuto wasiƙa a yi shiru, ko su turo kayan asibiti kyauta su maƙale a tashar jiragen ruwa.

Ɗan maƙwabcin nawa ya ci jarrabawar a zama na biyu. Yanzu yana aiki a wani babban asibitin ƙaramar hukuma, shi da likita ɗaya, suna karɓa-karɓar kwana. Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo gida, muka zauna a dakali bayan la'asar. Ya ba ni labarin wata haihuwa da suka karɓa da fitilar waya, uwa da ɗa duk suka rayu, yana faɗa fuskarsa na haske. Can kuma ya ciro wayar ya nuna mini wani fayil: fasfo, lasisi, takardun da ya riga ya tura a tantance don jarrabawar aiki a Saudiyya. Ya ce, "Kawu, don Allah kada Alhaji ya ji tukuna." Muna cikin haka Baba ya fito daga zaure yana dogara sanda, ya zauna a gefensa, ya miƙe ƙafar ya fara naɗe wando.